Rabon kuromosom: Abin da ke faruwa a jikin iyaye kafin ɗa ya gaji AA, AS ko SS

Tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, takardar asibiti ta shiga cikin abubuwan da ake nema kafin ɗaurin aure a Jihar Kano. Dokar ta wajabta wa masu niyyar aure gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, da kuma gwajin jinotaif, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon ciwon sikila, wato amosanin jini.

Saurayi daga Getso ko budurwa daga Garo za su je Babban Asibitin Gwarzo ko wani asibitin da gwamnati ta amince da shi, a ɗebi jini, a miƙo musu takarda mai haruffa biyu: AA ko AS ko SS, wani lokaci AC ko SC. Idan duka biyun suka fito AS, ma'aikacin lafiya zai ce musu akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu su haifi mai sikila.

Daga ina wannan lissafi ya fito? Asalinsa wani aiki ne da ke gudana a cikin marainan namiji da ma'ajiyar ƙwan mace, wanda masana ke kira miyosis. Shi ne rabon da jiki ke yi wa kuromosom gida biyu kafin ya ƙera ƙwayar maniyyi ko ƙwan haihuwa. Wanda ya fahimci wannan rabo zai gane yadda ake gadon sikila, da abin da ke sa a haifi namiji ko mace, da musabbabin ɓari da yawa, har ma da dalilin da ya sa alfadari ba ya haihuwa.

Mene ne kuromosom?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ginu, ya kuma yi aiki. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya guda a miƙe shi, tsawonsa zai kai kusan mita biyu. Domin ya samu wurin zama, an yanka shi gida 46, an naɗe kowane yanki kamar ƙwaryar zare. Kowane naɗi guda shi ake kira kuromosom.

Waɗannan 46 ɗin biyu-biyu suke, wato jeri 23. A kowane jeri, ɗaya daga uba ya fito, ɗaya daga uwa, kuma kowannensu takwaran ɗan'uwansa ne: tsawonsu ɗaya, kuma batutuwan da suke ɗauke da umarni a kansu iri ɗaya ne, ko da yake umarnin kansa yakan ɗan bambanta. Masana sun ba jeri 22 lambobi daga 1 zuwa 22. Jeri na 23 shi ne na jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya.

A jikin waɗannan zaruruwa ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke jere, kowacce da mazauninta. Wadda ta shafi sikila tana kan kuromosom mai lamba 11. Tun da kowa yana da lamba 11 guda biyu, shi ya sa takardar gwaji take zuwa da haruffa biyu, harafi ɗaya daga kowane mahaifi.

An daɗe ana zaton adadin kuromosom ɗin mutum 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan, suna aiki a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka ƙidaya da kyau suka tabbatar 46 ne.

Me ya sa dole a raba biyu?

Idan jiki zai girma ko rauni zai warke, ƙwayar halitta takan kwafi kuromosom ɗinta duka, ta rabe biyu, kowace sabuwar ƙwaya ta tafi da 46 cif. Wannan shi ne rabo na yau da kullum, mai suna mitosis.

Haihuwa kuwa ba za ta yiwu da irin wannan rabo ba. Da a ce maniyyi zai zo da 46, ƙwan mace ma ya zo da 46, da ɗa ya tashi da 92, jika da 184, a yi ta ninkawa. Saboda haka dole kowane mahaifi ya ba da rabin abin da yake da shi, wato 23. Kuma ba kowane 23 ba ne za su yi: wajibi ne a samu guda ɗaya tak daga kowane jeri, lamba 1 guda, lamba 2 guda, har zuwa ƙarshe.

Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Edouard van Beneden, shi ne ya lura a 1883 cewa ƙwai da maniyyin wata tsutsar ciki suna ɗauke da rabin adadin kuromosom ɗin sauran jikinta. A 1905 ne masana biyu 'yan Ingila, Farmer da Moore, suka raɗa wa wannan aiki suna daga kalmar Girkanci mai ma'anar ragewa.

Dabarar a taƙaice ita ce: a kwafa sau ɗaya, a raba sau biyu.

Shiri: kwafi, ɗauri da musaya

Kafin a fara rabo, ƙwayar da za ta zama maniyyi ko ƙwai takan kwafi kowane kuromosom. Asali da kwafin ba sa rabuwa nan take. Sukan zauna manne kamar tagwaye, an ɗaure su daga sama har ƙasa da wasu ƙananan zobba na furotin mai suna kohesin. Akwai wani wuri a jikin kowane kuromosom da ya tsuke kamar ƙugu, kuma a nan ne ɗaurin ya fi muhimmanci, kamar yadda za a gani a gaba.

Daga nan sai abin da ba ya faruwa a rabo na yau da kullum ya faru: kowane kuromosom ya nemo takwaransa. Lamba 11 na wajen uba ya jeru kafaɗa da kafaɗa da lamba 11 na wajen uwa, wani furotin ya haɗe su tsaf kamar zif ɗin riga. A wannan lokaci kowane jeri yana da zare huɗu: tagwaye biyu na wajen uba, tagwaye biyu na wajen uwa.

Suna cikin wannan hali ne ƙwayar take tsinka zaren da gangan a wurare da yawa, sannan ta gyara. A wasu wuraren, gyaran yakan ƙare da musaya: guntun zaren uba ya koma jikin na uwa, na uwa ya koma jikin na uba. A kowane jeri akan yi irin wannan musaya aƙalla sau ɗaya, a manyan kuromosom kuma sau biyu ko uku ko fiye. A jikin masara ne Harriet Creighton da Barbara McClintock suka nuna a 1931, a Amurka, cewa musayar ta zahiri ce, ana iya ganin alamarta a madubin likita.

Musayar tana da amfani biyu. Na farko, tana gauraya gadon kakanni, ta yadda kuromosom ɗin da mutum zai ba ɗansa zai zama haɗin na mahaifinsa da na mahaifiyarsa. Na biyu, wurin da aka yi musayar yakan zama ƙulli da ke riƙe takwarorin biyu tare har lokacin rabo. Jerin da bai samu ko da ƙulli ɗaya ba yana cikin haɗarin rabuwa ba daidai ba.

Rabo na farko: takwara ya bar takwara

Idan shiri ya kammala, sai wasu siraran igiyoyi su miƙo daga ɓangarori biyu na ƙwayar, su haɗu a tsakiya. Siffarsu mai kumburin tsakiya da tsinin baki biyu ta sa masana suka kira su da sunan mazari, irin wanda mata ke kaɗi da shi. A ƙugun kowane kuromosom akwai wata ƙugiya ta furotin da igiyoyin ke kamawa.

A wannan rabo, tagwaye biyun da ke manne suna fuskantar gefe ɗaya, igiyar ɓangare ɗaya ce take kama su tare. Takwaransu kuma igiyar ɗaya ɓangaren ce take kama shi. Igiyoyin suna ja, ƙullin musaya yana riƙewa, sai jerin ya tsaya cak a tsakiya, a ɗame, kamar masu jan igiya da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Wannan ɗamewa ita ce shaidar da ƙwayar ke dubawa. Idan igiyar gefe ɗaya ta kama takwarorin biyu, ba za a samu ɗamewa ba, sai kamun ya saki a sake. Akwai kuma wani tsarin tsaro da ke hana a ci gaba muddin akwai ko da ƙugiya ɗaya da ba a kama ba.

Da zarar jeri 23 sun daidaita, sai a saki wani furotin mai aikin almakashi, sunansa sefares, ya bi zobban kohesin yana yankawa. Amma zobban da ke hannuwan kuromosom kawai yake iya yankawa. Na ƙugu suna da mai gadi, wani furotin da masana a Japan ƙarƙashin Yoshinori Watanabe suka gano a 2004, suka kira shi shugoshin, wato mai tsaro a harshensu. Yanke zobban hannu yana kwance ƙullin musaya, sai takwarorin su rabu, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, kowanne da tagwayensa manne a ƙugu. Ƙwayar ta tsinke biyu, kowacce da kuromosom 23.

Wane takwara ne zai tafi wane gefe? Babu wata ƙa'ida da ta ce na uba su bi hanya ɗaya. Kowane jeri yana juyawa ne shi kaɗai, ba ruwansa da yadda maƙwabcinsa ya juya. Idan aka ninka biyu sau 23, za a samu 8,388,608. Wannan shi ne yawan haɗin da mutum ɗaya zai iya fitarwa, tun kafin a sa musaya a lissafi. Idan aka haɗa na miji da na mata, adadin ya haura tiriliyan 70. Shi ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya suke kama da juna amma ba su zama ɗaya ba, in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai guda.

Rabo na biyu: tagwaye su rabu

Ba a sake yin kwafi. Kowace daga cikin ƙwayoyin nan biyu takan kafa sabon mazari. A wannan karo ƙugiyoyin tagwayen suna juya wa juna baya, igiyar gabas ta kama ɗaya, ta yamma ta kama ɗaya. Idan komai ya ɗame, sai a janye mai gadin ƙugu, almakashin ya yanke ragowar zobban, tagwayen su rabu. Sakamakon ƙarshe shi ne ƙwayoyi huɗu, kowacce da zare 23, kuma babu wadda ta yi daidai da 'yar'uwarta.

Sirrin aikin duka yana cikin wannan kwance ɗauri hawa biyu: hannu da farko, ƙugu daga baya. Idan ɗaurin ƙugu ya saki da wuri, ko na hannu ya ƙi saki, rabon zai karkace.

Bambancin namiji da mace

A jikin namiji, miyosis yana farawa ne bayan balaga, ya ci gaba har tsufa. Daga farkon ƙera ƙwayar maniyyi zuwa kammaluwarta akan ɗauki wata biyu da 'yan kwanaki, kuma duk ƙwayoyin huɗu sukan zama maniyyi. Ana ƙera miliyoyi kowace rana.

Lamarin mace daban ne. Ƙwayayenta suna fara miyosis tun tana cikin mahaifiyarta. A wajen wata na biyar na ciki, 'yar tayin tana da ƙwai miliyan shida zuwa bakwai. Lokacin haihuwa sun ragu zuwa miliyan ɗaya ko biyu, lokacin balaga kuma zuwa kimanin dubu 300 ko 400. Dukkansu sun riga sun yi kwafi da musaya, sai suka tsaya a nan. Kowane wata, ƙwan da zai fito shi ne yake farkawa ya ƙarasa rabo na farko, ya shiga na biyu ya sake tsayawa. Ba ya kammalawa sai maniyyi ya shige shi. Kuma ƙwai ɗaya ne kawai ke fita daga rabon, ragowar kason kuromosom akan tattara su a wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke lalacewa.

Ma'ana, ƙwan da mace mai shekara 40 ta saki a wannan wata ya shafe shekara 40 yana riƙe da ɗaurin da aka yi masa tun kafin a haife ta.

Asalin ɗaya cikin huɗu

Mai AS yana da lamba 11 guda biyu, ɗaya ɗauke da A, ɗaya ɗauke da S. Miyosis yana raba su, don haka rabin maniyyinsa na ɗauke da A, rabi na ɗauke da S. Haka ƙwayayen mace mai AS. Idan suka haɗu, hanyoyi huɗu ne, kuma babu wadda ta fi wata rinjaye: A da A, A da S, S da A, ko S da S. Ɗaya ta ba da AA, biyu su ba da AS, ɗaya ta ba da SS.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Wasu suna ɗauka cewa idan ɗan fari ya zo da sikila, uku masu zuwa sun tsira. Wasu kuma suna zaton ɗa na huɗu ne zai zo da ita, don haka sai su ce za su tsaya a uku. Duk ba haka ba ne. Kowane ciki da sabon ƙwai da sabon maniyyi ake yin sa, kuma rabon yau bai san abin da rabon bara ya fitar ba. Ma'aurata masu AS za su iya haihuwar huɗu duk masu sikila, za su iya haihuwar huɗu babu ko ɗaya.

Lissafi ya nuna cewa a cikin irin waɗannan ma'aurata 100 da suka haifi 'ya'ya huɗu-huɗu, kimanin 32 ne kawai ba za su samu mai SS ba. Idan 'ya'yan sun kai takwas, kamar yadda ake samu a gidaje da yawa a Gwarzo da Kabo, gida 10 ne kawai cikin 100 za su tsira.

Idan AA ya auri AS, babu ɗan da zai zo da SS, amma kowane ciki yana da yiwuwar rabi ya zama AS. Idan AS ya auri SS, yiwuwar SS rabi ce a kowane ciki. Harafin C ma a wannan mazauni yake zama, kuma ɗan da ya gaji S da C yakan yi fama da wani nau'in ciwon. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu idan akwai shi a dangi, domin ɗan wa da 'yar ƙane suna iya gadon kuromosom ɗin kaka ɗaya.

Batun ba ƙarami ba ne a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Abin da ya sa S ya yawaita shi ne mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. A binciken da aka yi a yankin Garki a shekarun 1970, lokacin yana cikin Jihar Kano, yanzu kuma a Jigawa, an samu kimanin jarirai biyu cikin 100 da SS, amma da ƙyar aka samu mai SS a cikin manya, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana. Ba mamaki wasu daga cikin matan da aka riƙa cewa suna wabi, wannan ne ya cinye musu 'ya'ya. A yau, da rigakafi da magunguna da kulawar asibiti, masu sikila da yawa suna girma, su yi karatu, su yi aure.

Namiji ko mace: daga wa yake?

Mace tana da X biyu, saboda haka duk ƙwan da ta saki X yake ɗauke da shi. Namiji yana da X da Y, kuma a rabo na farko sukan rabu kamar sauran takwarori, rabin maniyyi ya tafi da X, rabi da Y. Wanda ya riga shiga ƙwai shi ne ke tantance jinsi: X ya ba da mace, Y ya ba da namiji.

Matar da ta haifi mata biyar a jere ba ta da hannu a ciki, mijin ma ba zaɓa ya yi ba. A cikin gidaje 32 masu 'ya'ya biyar-biyar, ana sa ran kimanin gida ɗaya ya zama duk mata, ɗaya kuma duk maza. Gorin da dangin miji ke yi wa mace a kan haihuwar 'ya'ya mata ba shi da tushe a ilimin halitta.

Idan rabon ya samu tangarɗa

Wani lokaci takwarori biyu, ko tagwaye biyu, sukan tafi gefe ɗaya. Sai a samu ƙwai ko maniyyi mai 24, wani kuma mai 22. Cikin da aka samu da shi zai zama mai kuromosom 47 ko 45.

Yawancin irin wannan ciki ba ya ɗorewa. Bincike ya nuna cewa kimanin rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko, matsalar kuromosom ce ta jawo shi. Irin wannan ɓari ba ɗaukar kaya ko daka ko hawa babur ne ya kawo shi ba, ba kuma hannun kishiya. Tun ranar da aka samu cikin lissafinsa bai cika ba. Sai dai matar da ke yawan ɓari a jere tana buƙatar ganin likita, domin akwai wasu dalilan da ake iya magancewa.

Wasu 'yan kaɗan sukan kai ga haihuwa. Wanda aka fi sani shi ne mai lamba 21 guda uku, wato lalurar Down, wadda jama'a kan saka cikin abin da suke kira galahanga. An raɗa mata sunan likitan Ingila John Langdon Down da ya siffanta ta a 1866, kuma a 1959 ne Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin suka gano ƙarin kuromosom ɗin a Faransa. Akwai kuma mace mai X ɗaya tak, da namiji mai X biyu da Y, waɗanda galibi sukan gamu da matsalar haihuwa.

A kusan kashi 90 cikin 100 na masu lalurar Down, ƙarin kuromosom ɗin daga ƙwai ya fito, kuma yiwuwar tana ƙaruwa da shekarun uwa: kimanin ɗaya cikin 1,000 a shekara 30, ɗaya cikin 350 a shekara 35, ɗaya cikin 100 a shekara 40, ɗaya cikin 30 a shekara 45. Babban dalilin da masana suka gano shi ne tsufan zobban kohesin, waɗanda aka ɗaura tun mace tana ciki, suke kuma saki sannu a hankali. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa kuskuren rabo yana da yawa a ƙwayayen 'yan mata masu ƙarancin shekaru ma, yakan ragu a shekaru ashirin da wani abu, sannan ya sake hawa bayan talatin da 'yan kai. Duk da haka, mafi yawan matan da suka haihu bayan shekara 40 lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, kuma yaron da ya zo da lalurar yana iya koyon karatu da sana'a idan ya samu kulawa da wuri, musamman duba lafiyar zuciyarsa.

A gona da turke

Ba mutum kaɗai ke yin miyosis ba. Masara da dawa suna da kuromosom 20, gero 14, wake 22, gyaɗa 40, saniya da akuya 60, tunkiya 54. A jikin masara, rabon yana faruwa ne a furen sama mai zubar da bununi da kuma cikin goyon da zai zama zangarniya.

Manomin Kabo da ya sayi irin masara mai aure zai ga gonarsa ta tashi kai ɗaya, domin kowane ƙwaro na irin ya gaji kashi ɗaya daga tsatson uwa, kashi ɗaya daga tsatson uba, iri ɗaya a duk buhun. Idan ya ajiye daga abin da ya girbe ya shuka baɗi, miyosis ya riga ya gauraya kason biyu, sai gonar ta fito wani dogo wani gajere, amfanin kuma ya ragu. Shi ya sa malaman gona ke cewa a sayi sabon irin mai aure kowace damina. Da wannan gaurayawa ce kuma masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya suke amfani wajen fitar da sababbin irin masara da dawa da gyaɗa: a haɗa aure, a shuka 'ya'ya da jikoki, a zaɓi waɗanda suka gaji halayen da ake so.

Alfadari kuwa ɗan jaki ne da goɗiya. Doki yana da kuromosom 64, jaki 62, sai alfadari ya tashi da 63. Jikinsa yana aiki lafiya, har ya fi iyayensa juriya. Amma idan aka zo miyosis, kuromosom ɗin doki da na jaki ba sa samun takwarorin da suka dace da su, rabon ya gagara. Shi ya sa alfadari ba ya haihuwa sai a wani yanayi da ba kasafai ake gani ba.

Abin lura ga masu niyyar aure

Babu magani, na asibiti ko na gargajiya, babu abinci ko lokacin saduwa da zai sa maniyyi mai A ya riga mai S, ko mai Y ya riga mai X. Abin da ke hannun mutum shi ne sanin abin da yake ɗauke da shi.

Jinotaif daban yake da rukunin jini na A da B da AB da O da ake dubawa wajen ƙarin jini, kuma ba ya canzawa tsawon rayuwa. Idan sakamako biyu suka saɓa, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne ya yi kuskure, sai a sake a asibitin da ke da ingantattun kayan aiki, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ya sanar da ma'aikatan, domin jinin da aka ƙara masa yana iya rikita sakamakon.

Mai AS ba majinyaci ba ne, kuma dokar ta Kano da kanta ta haramta tsangwamar masu sikila da sauran lalurorin da ake gwadawa. Lokacin da ya fi dacewa a yi gwajin shi ne tun ana farkon magana, kafin manya su shiga, kafin a sa rana a fara haɗa lefe, lokacin da janyewa ba za ta ɓata zumunci ba. Iyaye ma za su iya gwada 'ya'yansu tun suna ƙanana su ajiye takardar, ta yadda ranar da wani ya zo neman izini, kowa ya riga ya san harufansa.